Bayani a Kan Ɓuntun Shinkafa da Hisabin Wutar da Ke Cikinsa

 

Duk wanda ya bi ƙasar Wurno bayan an sheme shinkafa, ya ratsa ta Dinawa, ko ya karkata zuwa Rabah, ko ya haura Goronyo, ba zai rasa ganin tsibin ɓuntu a bayan injin casa ba. Wani ana kwasa a shimfiɗa wa kaji, wani mata su ɗiba su hura wutar turara shinkafa, abin da ya rage kuwa sai a cinna masa wuta, ya kwana ya wuni yana cin kansa a hankali, hayaƙinsa yana bin gidaje. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a shekarar 1984, wadda aka gina don ta riƙe ruwa mita miliyan 942 na awon cikin tafki, noman rani ya ƙaru a fadamar gulbin Rima, ɓuntu kuma ya ƙaru tare da shi. Wannan abin da ake ƙonewa a nan don a rabu da shi, akwai ƙasashen da ake biyan kuɗi a sayi tokarsa, a fitar da wani farin gari daga cikinta, a sa shi cikin tayar mota. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada. To, ga bayanin inda tokar ɓuntu take tsada, da dalilin tsadarta, da sharuɗɗan da sai an cika su kafin ta yi kuɗi.

Fasali na farko: mene ne wannan gari

Masana suna kiran irin wannan gari ƙwayar nano. Ma'anar nano awo ne. A ɗauki milimita ɗaya, watau ƙaramin zanen da ke jikin rula, a raba shi gida miliyan. Kowane gida shi ne nanomita ɗaya. Kaurin takardar da ake rubutu a kanta ya kai wajen nanomita 100,000. Ƙwayar da ba ta wuce nanomita 100 ba ita ce ake nufi da ƙwayar nano.

Malami ya daɗe da sanin wannan abu, ko da yake ba da wannan suna ba. Baƙin da ke taruwa a bayan tukunya ko a bakin fitila, wanda ake kankarewa a dama da ƙaro a yi tawada, ƙwayoyinsa na asali ƙwayoyin nano ne, kowace ba ta fi 'yan gomiyoyin nanomita ba. Ƙanƙantarsu ita ce ta sa baƙinsu ya yi ƙarfi, ɗan kaɗan ya cika allo da rubutu. Aikin ƙaro kuwa shi ne ya lulluɓe su, ya hana su dunƙulewa su kwanta a gindin kurtu. Wanda ya taɓa dama tawada aka rage mata ƙaro ya ga yadda take rabuwa, ruwa a sama, baƙi a ƙasa. Wannan rabuwa ita ce babbar wahalar masu yin ƙwayar nano a ma'aikatu har yau.

Fa'idar ƙanƙanta ita ce yawan fuska. Idan aka fasa dutse biyu, an sami fuska biyu sababbi, idan aka ƙara fasawa fuskoki su ƙaru, alhali nauyin yana nan yadda yake. Farin garin da ake sa wa taya, wanda sunansa silika, watau jauharin da rairayi ya ginu da shi, idan aka ɗebi giram ɗaya nasa, nauyin ƙwayar gyaɗa biyu ke nan, aka shimfiɗa fuskokin ƙwayoyinsa, za su rufe fili mai mita 13 tsawo da 13 faɗi. Da waɗannan fuskoki yake kama roba ya ƙarfafa ta. A shekarar 1992 kamfanin Michelin na Faransa ya fitar da taya mai silika, wadda take mirginawa da sauƙi, mota ta rage shan mai, kuma ta fi riƙe hanya idan an yi ruwa. Tun daga nan cinikin wannan gari ya buɗe. Ana kuma sa shi a man goge haƙori, da fenti, da takalman roba.

Fasali na biyu: abin da ya sa yake cin wuta

Hanyar samun ƙwayar nano biyu ce. Ko dai a ɗauko babba a niƙa shi har ya ƙanƙance, ko kuwa a narkar da abu, ko a mai da shi tururi, sa'an nan a bar shi ya ɗaure ƙanana ƙanana.

Hanyar niƙa tana da ɓarna mai yawa. Masana sun auna sun ga cewa daga ƙarfin da ake ba injin niƙa, abin da ke tafiya ga fasa ƙwaya bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Saura duk yana zama zafi da ƙara. Kuma gwargwadon yadda gari ya yi laushi, gwargwadon yadda ƙara masa laushi ke wuya. Matar da ta taɓa niƙa a kan dutse ta san cewa ɓarza ba ta gajiyarwa kamar lilis.

Hanya ta biyu ita ce manyan ma'aikatu suka fi bi, ita kuwa wutarta a fili take. Baƙin hayaƙi, ɗan'uwan na tawada, ana yin fiye da tan miliyan 10 nasa a duniya kowace shekara, mafi yawansa don taya, shi ne ma ya sa taya take baƙa. Ana fesa man fetur mai kauri cikin tanderun da zafinsa ya wuce digiri 1,200, alhali ruwa yana tafasa ne a digiri 100. Kusan rabin man ne ke zama baƙi, saura ya ƙone ko ya fita iska. An kafa irin wannan tanderu na mai a Amurka a shekarar 1943, a Najeriya kuma an buɗe guda a matatar Warri a 1988, wanda aka gina don ya ba da tan 18,000 a shekara.

Silika kuwa, hanyar da aka saba ita ce a ɗebo rairayi mai tsabta a haɗa da tokar soda, wadda 'yar'uwar kanwa ce, a zuba cikin tanderu mai zafin digiri 1,400 ko kusa da haka har su narke su zama gilashi. Mutanen Sakkwato suna iya kwatanta wannan zafi da na tanderun siminti na Kalambaina, domin sun yi kusa da juna. Sa'an nan a narkar da gilashin a ruwa, a zuba masa asid irin na ruwan batir, sai silika ta ɗaure ta fito fara fat, a tace, a wanke, a busar. Dalilin wannan wuta duka shi ne rairayi abu ne mai taurin kai. An jera jikinsa sahu sahu, kowane sahu ya riƙe ɗan'uwansa, ba ya sakin jiki sai da zafi mai tsanani. Akwai masu dafa shi da soda cikin tukunyar ƙarfe rufaffiya a zafin da bai kai wannan ba, amma ita ma tana bukatar matsi mai ƙarfi da rairayi zaɓaɓɓe.

Fasali na uku: hanyar ganye, da abin da ba a faɗi game da ita

A shekarar 1998 wasu masana biyu na Amurka, Paul Anastas da John Warner, suka jera ƙa'idodi 12 na yin haɗe-haɗen sinadari ba tare da ɓata ƙasa da ruwa da iska ba. Ta shida a cikinsu ita ce tsimin wuta: a yi aiki a zafin ɗaki in zai yiwu. Wannan ya sa masu bincike suka juya ga tsirrai. A shekarar 2004 wasu masana a birnin Pune na Indiya suka nuna cewa idan aka tafasa ganyen dogon yaro aka zuba ruwansa cikin ruwan da aka narkar da azurfa, sai azurfar ta ɗaure ta zama ƙwayar nano, ba tanderu, ba guba. Bayansu an gwada ganyaye iri iri a jami'o'in duniya, har da na Najeriya. Irin wannan azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta, ana sa ta a bandejin miki.

Idan aka ce, to ashe an huta ke nan, tun da dogon yaro ya cika ƙasar Sakkwato, sai a ce a dakata a yi hisabi irin na ɗan kasuwa. A gwajin da aka saba yi, lita ɗaya ta ruwa tana ɗauke da azurfar da ba ta fi kashi ɗaya cikin goma na giram ba sai da kaɗan. Wanda yake son kilo ɗaya sai ya tanadi ruwa fiye da lita 9,000, watau durom 46 na lita ɗari biyu biyu. Ganye sai an tafasa. Ƙwayar kuwa ta yi ƙanƙanta da yawa, ba ta kwanciya da kanta, ba ta kuma tsayawa a matata, sai an sa ruwan cikin injin da ke jujjuya shi da gudun gaske, shi kuwa wutar lantarki yake ci. Bayan haka ga busarwa, ga gurɓataccen ruwan da ya rage wanda ba ya halatta a zuba shi a gulbi. Ganyen damina kuma ƙarfinsa dabam da na rani, saboda haka abin da ya fito yau ba lalle ne ya yi daidai da na gobe ba, mai saye kuwa kaya iri ɗaya yake so. Wani abu kuma, masu bin diddigin wuta tun daga farkon abu har ƙarshensa sun samu cewa a sha'anin azurfa babban kaso na wutar ya riga ya tafi tun wajen haƙo ta da tace ta, kafin ta iso hannun mai ganye.

Wannan ba ya rushe hanyar ganye. Tana da amfani ga abin da ake bukata kaɗan mai tsada. Abin da yake nunawa shi ne, sanyin tukunya ɗaya ba hujja ba ce a kan tsimin wuta. Falken da ya sayi kaya da araha a Illela, ya mance da kuɗin mota da na 'yan dako da na rumfa, ranar da ya zauna lissafi zai ga uwar kuɗi ta taɓu.

Fasali na huɗu: hisabin ɓuntu

Shinkafa tsiro ce mai shan silika. Saiwarta tana jawo ta narkakkiya daga ruwan fadama, ta kai ta ga ganye da ɓuntu ta ajiye, don ta zama sulke ga ƙwaya. Shi ya sa ɓuntu yake da kaushi, yake cinye ƙarfen injin, dabba kuma ba ta son cinsa. Silikar da ke cikinsa ba a jere take sahu sahu kamar ta rairayi ba. A warwatse take, ƙanana ƙanana, mai ramuka. Watau aikin da ake kunna tanderu mai digiri 1,400 dominsa, shinkafa ta riga ta yi shi a gona da hasken rana. Tokar ɓuntu tana narkewa cikin ruwan soda mai ci, irin wadda ake sabulu da ita, a zafin da bai fi na tafasar ruwa ba sai kaɗan.

Ga lissafin. Tan 100 na shanshera yana ba da ɓuntu wajen tan 20. Idan aka ƙone tan 20 ɗin nan za a sami toka wajen tan 4, ita kuwa toka kusan kashi 90 cikin ɗari nata silika ce. Watau ɓuntu kilo shida yana ba da silika kilo ɗaya. Ɓuntu kuma makamashi ne: kilo uku nasa suna ba da zafin da ya yi kusa da na kilo ɗaya na kananzir.

Wurin da wuta ta fi tafiya a wannan aiki, bayan an kawar da tanderu, shi ne busarwa. Silika idan ta fito daga matata kamar ƙullu take, kilo ɗaya nata yana riƙe da ruwa wajen kilo huɗu. Ƙafar da ruwa kuwa ya fi tafasa shi cin wuta har ninki bakwai. Kowace mai girki ta san tukunya tana saurin tafasa amma tana daɗewa ba ta ƙafe ba. Duk da haka, zafin da ake bukata don ƙafar da kilo huɗun nan bai kai abin da kilo ɗaya na ɓuntu yake bayarwa ba. Ko an ninka shi biyu saboda zafin da ke tserewa, cikin kilo shida da aka ƙone saura huɗu suna nan, sun isa su dafa toka, su turara shinkafa, ko su ba da tururin da zai juya injin lantarki. Wannan shi ne bambancin ɓuntu da sauran hanyoyi: kayan aikin yana zuwa da itacen dafa kansa.

Ba zance ne na takarda kawai ba. A shekarar 2015 kamfanin taya na Goodyear ya ƙulla ciniki da wani kamfanin abinci na ƙasar Sin mai suna Yihai don ya riƙa sayen silikar tokar ɓuntu. A 2023 kamfanin Solvay ya ba da sanarwar zai yi irinta a ma'aikatarsa ta Livorno a Italiya. Najeriya tana noma shanshera wajen tan miliyan 8 a shekara. Bisa lissafin da ya gabata, ɓuntunta ya haura tan miliyan ɗaya da rabi.

Fasali na biyar: sharuɗɗa

Sharaɗi na farko shi ne awon wuta. Ana son ɓuntu ya ƙone a zafin digiri 600 zuwa 700, da isasshiyar iska. Idan wuta ta gaza, toka ta fito baƙa, cike da gawayi. Idan ta wuce 800 ta daɗe a can, silikar sai ta jeru ta koma halin rairayi, ta ƙi narkewa, duk fa'idar ta tafi; ƙurar irin wannan toka ma tana cutar da huhu idan an daɗe ana shaƙa. Tsibin da aka cinna wa wuta a fili ba shi da awo, wani gefe ya gaza, wani ya wuce. Saboda haka tokar bayan injin casa, yadda take a yau, ba hajar da ma'aikata za ta saya ba ce. Sai an gina matoya mai ma'aunin zafi, an sami mai kula da ita.

Na biyu shi ne dako. Ɓuntu ba shi da nauyi, sai cika wuri: ɗaki mai mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya bisa, abin da zai ɗauka bai fi kilo 100 ba sai kaɗan. Babbar mota takan cika tun ba ta ji kaya ba, man da za ta sha daga Goronyo zuwa Kano ya cinye ribar. Hikima ita ce a ƙone shi inda aka casa shi, a ci amfanin zafinsa a nan, a yi dakon toka, wadda nauyinta kashi ɗaya ne cikin biyar. Manyan ma'aikatun shinkafa, irin wadda aka buɗe a Argungu a 2017, ɓuntunsu a wuri ɗaya yake taruwa. Ƙananan injuna irin na ƙauyukan Wurno da Rabah kuwa a warwatse suke, ba mai isasshen ɓuntu shi kaɗai. In za su shiga wannan ciniki sai sun haɗa kai a kan matoya ɗaya a tsakaninsu.

Na uku shi ne soda da asid. Soda mai ci da wutar lantarki ake fitar da ita daga ruwan gishiri, kuma tana ci da yawa, galibinta ma daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Wanda ya bar wutarta a bayan lissafi ya yi wa kansa ƙarya. Masana a Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalor sun tsara hanyar da ake amfani da iskar da ke fita daga ƙonewa a madadin asid, sa'an nan a dawo da sodar da toyayyen dutsen farar ƙasa a sake aiki da ita. Irin wannan tsimi shi ne ke raba ma'aikatar da za ta tsaya da wadda za ta rufe.

Na huɗu haƙƙin gona ne. Silikar nan daga ƙasar fadama ta fito. Gonar da ake kwashe mata shekara da shekaru ba a mayar mata ba, shinkafarta takan yi raunin kara, ta riƙa kwanciya, cuta ta fi kama ta. Ruwan gulbi yana mayar da wani abu, amma ya kamata a bar wa gona kararta, domin ita ma tana ɗauke da silika mai yawa.

Kammalawa

Ma'aikatar silika irin ta taya abu ne mai jari babba, mai bukatar ruwa mai tsabta da masana da mai saye tabbatacce. Amma matakin farko bai fi ƙarfin ƙungiyar masu casa ba, shi ne matoya mai awo. Ranar da aka kafa ta, zafinta zai rage itacen da ake sarewa don turara shinkafa, hayaƙin tsibi ya ragu a unguwa. Tokar da ta fito fara kuwa tana da kasuwa tun kafin a kai ga silika, domin magina sun daɗe da sanin cewa ana gauraya ta da siminti, ta maye wani kaso nasa, kankare ya ƙara ƙarfi da hana ruwa. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai cibiyar binciken makamashi, mazauninta bai yi nisa da Wurno ba, ita ce wurin da ya dace a kai tambayar yadda za a gina matoya da yadda za a auna tokarta.

Attajirin da wani ya zo masa da zancen sabuwar hanya mai tsabta, ta ganye ce ko ta toka, tambaya huɗu sun ishe shi. Kilo ɗaya na kaya ruwa nawa yake bukata? Wace wuta za ta ƙafar da ruwan? Daga ina sinadarin ya fito, nawa kuma ake dawowa da shi? Mita nawa kayan aiki zai yi tafiya kafin ya iso? Wanda ya amsa su da adadi a saurare shi. Wanda ya amsa da yabon hanyarsa kaɗai a ce masa ya koma ya auno.

Tamat.